Yadda ma'aikacin ɗakin karatu zai ƙaro ilimi ya samu takardar da za ta yi masa amfani

Yawancinmu da ke aiki a ɗakin karatu a nan Nijar ba karatun aikin muka yi ba kafin mu shiga, wannan gaskiya ce ko ba a so. Wani malamin lakwal ne da maƙogwaronsa ya gaji da aji aka ce to je ka riƙe bibliyotek, wata sakatariya ce aka ƙara mata makullin ɗakin littattafai a kan aikinta, wani kuma ɗan sabis sibik ne da aka rasa inda za a ajiye shi. Ni ma haka na shigo nan Tawa, aka miƙo mini makulli da wani tsohon rejistir da gara ta ci gefensa aka ce Allah ya ba da sa'a. Daga lokacin zuwa yau na cika dosiyen neman formasiyo ban san iyaka ba, wasu sun ci wasu sun faɗi, na kuma taya ƙanne da yawa cika nasu, shi ya sa da wata ƙanwarmu da aka kawo mana bana ta ce mini "Yaya, ta ina ake farawa?" na ce bari in zauna in rubuta abin gaba ɗaya kowa ya samu.

Abu ɗaya zan yi ta maimaitawa har ka gaji da ni: takarda suna ta tara. Kafin ka kashe ko dala ɗaya, ka san wace takarda kake nema, kuma wa zai karɓe ta in ka kawo.

Kayan da za ka tanada tun farko

Shimiz mai ƙarfi ta roba, wadda ruwa da ƙura ba su shiga, a ciki ka sa takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, diplom ɗinka na ƙarshe ko BEPC ne ko bak ko lisans, da takardun maki na kowace shekara, da takardar da ta nuna ranar da ka kama aiki. Hotuna ƙanana kamar takwas. Kile USB guda biyu, ɗaya a aljihu ɗaya a gida, don kile ɗaya ba kile ba ne, ranar da kake buƙatarta ranar take ɓacewa. Adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ba irin sunan da ka sa wa kanka a Facebook ba. Waya mai iya buɗe PDF da Zoom, da batirin ajiya. Ordinatar in da hali, ko tsohuwa ce, in babu kuma ka nemi izini a rubuce na amfani da ta ofis bayan an tashi, ko ka daidaita da mai sibar na unguwarku ya riƙa yi maka farashin wata. Sai kaye guda mai kauri da bik. Kayen nan kar ka raina shi, zan dawo kansa a ƙarshe.

1. Ka fara rarrabe takardun nan uku

Akwai atestasiyo ta halarta, irin wadda ake rabawa ranar rufe atiliye na kwana uku bayan an ci abinci an ɗauki hoto. Abin da take faɗi kawai shi ne ka zauna a ɗakin. Akwai sartifika, wadda sai an gwada ka, ka yi aiki an duba an ba ka maki, kuma galibi ana rubuta yawan awowin karatun a jikinta. Sannan akwai diplom, lisans ko mastar, wanda makaranta da hukuma ta amince da ita ke bayarwa. A tsarin LMD (lisans, mastar, doktora) da jami'o'inmu ke bi, lisans shekara 3 ce, zango 6, kiredi 180, mastar kuma shekara 2, kiredi 120.

To in kai ma'aikacin gwamnati ne kana son ka tashi daga rukunin B zuwa A, diplom ko konkur na ma'aikata ne ke ɗaga ka, atestasiyo ko ta cika buhu ba za ta ƙara maka ko tamma a albashi ba. In kuma a ƙungiya mai zaman kanta kake ko makarantar kuɗi, can sun fi duba abin da hannunka ya iya, sartifika mai kyau a kan PMB, manhajar tsara littattafan ɗakin karatu, ko binciken intanet tana iya fin diplom tasiri. Na san wani abokin aiki da ke da atestasiyo sun fi talatin, duk inda aka ce akwai pardiyam yana layin gaba, amma ka ba shi littafi ɗaya ka ce ya yi masa kot, wato lambar da ke nuna wurinsa a kanta, sai ya fara duban silin. Ba zagi ba ne, tsarin ne ya koya mana bin atiliye don kuɗin zama.

2. Ka gwada kanka kafin wani ya gwada ka

Ɗauko littafi goma daga kanta ba tare da zaɓe ba. Kowanne ka yi masa fish: marubuci, suna, inda aka buga, maɗaba'a, shekara, yawan shafi, lambar ISBN, wadda tun 2007 ta koma lamba 13. Sannan ka ba shi lambar Dewey, wato ta tsarin rarraba littattafai bisa fanninsu. Dewey gida goma ne daga 000 zuwa 900, addinin Musulunci yana 297, harshen Hausa 493.72, adabin Hausa 893.72, tarihin Nijar 966.26, na Najeriya 966.9. In ka tsaya kana kokwanto a sama da littafi uku, to ka san katalogaj, wato wannan aiki na yi wa littafi fish da lamba, shi ne raminka. Bayan wannan ka sa wani ɗalibi ya ba ka jigon binciken da yake yi, ka ga ko cikin minti talatin za ka iya samo masa maƙala uku na ilimi a intanet waɗanda zai iya saukewa kyauta. Sai na ƙarshe, ka gwada rubuta rahoton wata a shafi ɗaya: masu karatu nawa suka shigo, littafi nawa aka ara, nawa ba su dawo ba.

Inda ka faɗi a cikin ukun nan shi za ka nema wa magani. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya ruga kwas na "bibliyotek ta zamani" da manyan kalmomi alhali littattafansa ma ba su da lamba a gadon baya.

3. Zaɓen makaranta, in diplom kake so

Na kusa shi ne ESSCOM a Yamai, makarantar da a da ake kira IFTIC. Mutane sun fi saninta da horar da ƴan jarida, amma tana da ɓangaren ma'aikatan takardu da adana bayanai, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke riƙe da ɗakunan takardu na ma'aikatu daga can suka fito. Ga wanda ke Yamai abin da sauƙi. Ga mu na Tawa kuwa tafiyar kusan kilomita 550 ce, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ke nan sai ka yi lissafin masauki da iyali, ba kuɗin makaranta kaɗai ba.

Sai EBAD, makarantar horar da ma'aikatan ɗakin karatu da adana takardu ta jami'ar Cheikh Anta Diop a Dakar, wadda aka kafa a 1967, ita ce uwa a wannan fanni a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, manyanmu da yawa can suka yi. Abin da ya sa nake yawan ambatonta shi ne ta daɗe tana koyarwa daga nesa, mutum na kan aikinsa yana karatu ta intanet. Akwai kuma makarantar ESI a Rabat ta Maroko, in ka samu gurbin karatu na can. Wanda kuma ke jin Ingilishi, ga Najeriya nan kusa: jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen ilimin laburare tun 1968, jami'ar Bayero ta Kano ma tana da nata. Su can har hukuma gare su mai rajistar ma'aikatan laburare, LRCN, da dokar 1995 ta kafa, sai kana da digiri a fannin za ta sa ka a rajista. In kana tunanin wata rana ka yi aiki a can to ka san da wannan. Mu nan abin da ake dubawa shi ne diplom ɗinka da matsayinka a fonksiyo publik.

Ko wace makaranta ce, tambaya uku za ka yi kafin ka biya. Shin hukumar ƙasar da take ta amince da ita? Shin diplom ɗin yana cikin waɗanda CAMES ta amince da su, wato majalisar nan ta ilimi mai zurfi da ke Wagadugu, jerin yana shafinsu kowa na iya dubawa. Sannan, in karatun daga nesa ne, a ina ake zama jarrabawa, ta intanet ne ko sai ka je wani gari? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ke canja lissafin kuɗi gaba ɗaya. Ni na taɓa biyan wata cibiya da ba zan faɗi sunanta ba, talla mai kyau, wai "sartifika ta duniya", wata biyu ana turo mana takardun da aka kwaso daga intanet, a ƙarshe aka ba mu takarda mai zanen zinariya a gefe wadda ko mai gadin ma'aikata bai san ta ba. Alamominsu a bayyane suke, ni ne ban duba ba: babu sunayen malamai, babu jarrabawa, kuma kullum ana ce maka gobe za a rufe rajista ka yi sauri ka turo kuɗi.

4. Izini kafin tafiya, nan ne mutane ke faɗawa rami

Ka karanta wannan sau biyu. In kai ma'aikacin gwamnati ne, kar ka fara karatun diplom sai ka samu takardar da ta sa ka a matsayin mai istaj, wato hukuma ta san ka tafi karatu kuma ta amince da abin da za ka karanta. Rubuta takardar neman izini da hannunka, ka bi ta hannun shef ɗinka, shi ya tura sama, kar ka tsallake shi ko da kuna da saɓani. Ka haɗa da takardar da makarantar ta ba ka ta karɓa da tsarin darussan. Ka yi fotokopi na komai, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka kopin.

Dalili kuwa, ranar da ka dawo da diplom kana neman a gyara maka matsayi, abin farko da za a tambaye ka shi ne wa ya aike ka. Ni na yi wannan kuskuren da kaina. Shef ɗina na lokacin ya ce mini da baki "je ka, ba komai, Allah ya taimaka", na ɗauka magana ta ƙare, kafin in gama an canja masa wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce shi bai ga komai a rubuce ba, kuma gaskiyarsa ne. Na daɗe ina zirga-zirga tsakanin Tawa da Yamai kafin abin ya daidaita. Ko karatun daga nesa ne ba ka bar kujerarka ba, ka nemi izinin a rubuce. In kuma a wuri mai zaman kansa kake, ka sa a rubuta maka ko za a ci gaba da biyanka albashi, da ranakun da za a sake ka don jarrabawa, da ko akwai sharaɗin sai ka yi musu aiki shekara kaza bayan ka gama.

5. Haɗa dosiye

Ka karanta sanarwar har ƙasa, ka kwafe jerin abin da ake so a kaye, kana sa alama ɗaya bayan ɗaya. Kopin diplom da takardun maki sai an kai meri ko komisariya an buga musu hatimin tabbatarwa, ka yi da yawa lokaci guda don kar ka riƙa komawa layi. Kaziye, takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, wata uku take aiki, saboda haka ita ce ta ƙarshe da za ka nema, kar ka karɓe ta tun da wuri ta mutu a shimiz. Ka duba rubutun sunanka a kowace takarda. Mu nan an san matsalar, a takardar haihuwa Mahamadou, a bak Mohamadou, a katin ɗan ƙasa wani abu daban, kuma makarantun waje ba su san wannan wasa ba, harafi ɗaya na iya sa a mayar da dosiye. In akwai bambanci je kotu a yi maka takardar da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne tun kafin a tambaya.

In ta intanet za a tura, kar ka ɗauki hoton takarda a kan tabarma da inuwar hannunka a ciki. Je a yi maka sikan, in babu ka sa manhajar sikan a waya, ka shimfiɗa takardar kusa da taga da safe. Kowane fayil ka ba shi suna mai ma'ana, sunanka da sunan takardar.

Wasiƙar bayyana dalili kuwa, don Allah kar ka kwafi ta wani. Masu dubawa sun karanta "tun ina yaro nake son littafi" sau dubu. Faɗa musu ɗakin karatunka: littafi nawa ne a ciki, su wa ke shigowa, mi ke ba ka wahala, mi za ka gyara in ka dawo. Shafi ɗaya ya isa. Sai ka ba wani malamin Faransanci ya duba maka kurakurai, ba kunya a ciki.

6. Kuɗi

A taƙaice: kuɗin rajista, kuɗin makaranta, forfe na intanet kowane wata, buga takardu, mota da masauki lokacin jarrabawa. Ka ƙara wani abu a kai don abin da ba ka zata ba. Gurbin karatu na gwamnati ta ANAB, hukumar ba da gurbin karatu da alawus na ɗalibai, yake bi, ka riƙa leƙa sanarwarsu. Tallafin ƙungiyoyin waje kuma ka karanta jerin ƙasashen da aka yarda su nema kafin ka wahalar da kanka, musamman na ɓangaren Farankofoni, tunda Nijar ta sanar da ficewa daga OIF, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, a watan Maris na 2025. In babu ko ɗaya, adashe. Ni da adashen ofis na biya zangona na farko, na roƙa aka ba ni ɗauka a watan da ake rajista. Duk kuɗin da ka tura, ta banki ko ta Nita ko Amana, ka ajiye rasit ka kuma ɗauki hotonsa, don tawadar irin waɗannan takardu tana gogewa cikin zafinmu.

7. Yadda ake tsira a karatu daga nesa

Shiga ba wuya, ƙarewa ce wuya. Abin da ke kayar da mutane ba ƙwaƙwalwa ba ce, rashin tsari ne. Ka yanke awa biyu a rana waɗanda ba a taɓawa, ni bayan sallar asuba nake yi kafin gari ya yi zafi kafin yara su tashi, kuma lokacin koneksiyo ya fi sauri. Duk ranar da intanet ya yi kyau ka sauke darussan mako gaba ɗaya ka zuba a kile, kar ka dogara da cewa gobe ma haka zai kasance. Aikin da aka ce a miƙa ranar Lahadi ka miƙa shi Juma'a, saboda watan Afrilu da Mayu wuta na iya ɗaukewa daidai lokacin da kake danna turawa, malamin da ke Dakar kuwa ba ruwansa. Ka riƙe layin waya biyu na kamfani daban-daban.

Sai agogo. Dakar da Akara suna bayanmu da awa ɗaya, in an ce ƙarfe 10 a can to 11 ne a nan. Faransa kuma lokacin sanyinsu agogonmu ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya. Na taɓa shiga wani darasi na kai tsaye na tarar ana ban kwana, tun ranar nake rubuta awa biyun a kaye, tasu da tamu.

Ka nemi abokin karatu ko mutum ɗaya, ku riƙa tuna wa juna. Ke kuma ƙanwata da duk mata masu wannan niyya, ku zauna da maigida da mutanen gida tun farko a san ranakun jarrabawa, a san wa zai riƙe yara, kar sai abin ya zo a fara neman mafita. Gargaɗi na ƙarshe a nan: kar ka kwafo rubutun wani ka liƙa a aikinka. Kai da za ka koya wa ɗalibai yadda ake ambaton majiya, in aka kama ka da wannan abin kunyar ya yi yawa. Sa Zotero a ordinatar tun makon farko, kyauta ce, ita za ta riƙe maka majiyoyinka.

8. In diplom bai samu ba bana, ga gajerun hanyoyi

Ba dole sai ka jira ba. Research4Life, haɗakar da ta ƙunshi Hinari na lafiya, AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na ƙirƙira da GOALI na shari'a, tana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe irin namu dubban mujallun ilimi kyauta in cibiyar ta yi rajista, kuma tana da kwas ta intanet a kan yadda ake amfani da su. Wanda ke aiki a jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa ko Abdou Moumouni ta Yamai ko makarantar kiwon lafiya, da wannan ya kamata ya fara, don washegari ma zai ga amfaninsa a fuskar ɗalibai. AfLIA, ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka mai mazauni a Akara, tana shirya kwasa-kwasai da tarukan intanet, har ta taɓa yin na koya wa ma'aikatanmu aiki da Wikipedia. IFLA, ta duniya baki ɗaya da aka kafa a 1927, tana sa tarukanta da jagororinta a shafinta. FUN MOOC na Faransa akwai darussa kyauta, makarantar ENSSIB, mai horar da ma'aikatan ɗakin karatu a can, ma ta zuba takardun koyarwa masu yawa da kowa ke iya saukewa. Mai jin Ingilishi ya leƙa WebJunction.

Sai dai ka ɗauki ɗaya ka gama shi. Rajista a kwas biyar lokaci guda, taura biyu ma ba ta taunuwa balle biyar. Kuma tun ranar farko ka duba ko ana ba da takarda a ƙarshe, da sharaɗinta, da ko sai an biya.

In intanet ɗin ne ma babu, to istaj na ido da ido. Rubuta takarda ka nemi zama na mako biyu ko wata ɗaya a wurin da aka fi ka: babban ɗakin karatu na jami'a, ko gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, ko IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, inda sashen MARA ke kula da rubuce-rubucen Larabci da ajami, ko cibiyar CELHTO ta Yamai in tarihin baka ne ya dame ka. Mu a Adar da ke da malamai masu tsofaffin kundaye a gida cikin gafaka, wanda ya koyi yadda ake riƙe irin waɗannan takardu ba tare da ya lalata su ba ya samu abin da ba kowa ke da shi ba. Kafin ka baro wurin ka karɓi takardar istaj mai kwanan wata da jerin ayyukan da ka yi, da sa hannu da hatimi. In ka ce sai ka dawo, ba za ka same ta ba.

9. Ka zuba abin da ka koya a ɗakinka cikin wata ɗaya

Ilimin katalogaj kamar fura ne, in ya kwana biyu ba a dama ba ya yi tsami. Ka dawo daga formasiyo a kan PMB, to a makon nan ka sa ta a ordinatar. Kyauta ce kuma da Faransanci take, tana tafiya a kan ordinatar ɗaya ko babu intanet in an sa mata manhajar da za ta hau kai, XAMPP ko WampServer. Koha ma kyauta ce kuma ta fi ƙarfi ga babban wuri, amma tana son Linux da wanda ya san shi, kar ka fara da ita kai kaɗai. In har yanzu wurinku na kan tsohuwar WINISIS ta UNESCO, kar ka goge komai, a fitar da bayanan tukuna a ajiye. Fara da kanta ɗaya, littafi ɗari, ka gama su tsaf, sannan ka ci gaba. Kowace Juma'a ka kwafe bayanan a kile. In babu ordinatar sam, yi fish na kwali da tsari ɗaya ba canji, ranar da na'ura ta zo shigarwa kawai za a yi.

Kuma ka tara abokan aiki ka yi musu bayanin abin da ka koyo ko na awa ɗaya ne, ka rubuta ɗan rahoto ka ba shef. Wannan rahoton ne zai sa gobe in an aiko da gurbi ɗaya a tuna da kai.

10. Bayan takarda ta zo hannu

Ranar da ka karɓe ta ka yi mata sikan, ka tura wa kanka ta imel, ka yi kopi masu hatimi, asalin kuma ya koma shimiz. Kar ka liƙe ta da roba mai zafi, wasu ofisoshi ba su karɓar takardar da aka yi wa haka don ba a iya taɓa hatimin. In diplom na waje ne sai ka kai shi ma'aikatar ilimi mai zurfi a yi masa daidaito da na gida, wanda aka rubuta da Ingilishi kuma ana iya neman fassarar mai fassara da kotu ta rantsar. Daga nan ka haɗa dosiyen neman gyaran matsayi: diplom, takardar daidaito, takardar izinin nan ta mataki na 4, da takardar komawa bakin aiki.

Yanzu kayen da na ce kar ka raina. Kowace formasiyo ka ba ta layi: kwanan wata, sunanta, wanda ya shirya, awa nawa, wace irin takarda aka bayar, da abu ɗaya da ka canja a ɗakin karatunka saboda ita. Ranar da za ka sabunta CV ko ka zauna gaban masu tantancewa, daga nan za ka kwaso komai cikin minti goma. A bayan kayen kuma ka rubuta lambar da aka ba dosiyenka ranar da ka ajiye shi, da ofishin da yake, da ranar da ka leƙa na ƙarshe. In kana Tawa dosiye na Yamai, ka samu wani ɗan'uwa a can ka ba shi kopin rasit ɗin ajiya ya riƙa leƙa maka duk mako biyu, in an ce wata takarda ta ɓace ka aika masa da wani kopin a motar safe.